Ranar da Dusar Ƙanƙara Ke Barin Tsauni, da Wahalar Gano Ta Daga Sama

A ƙasashen da manyan kogunansu ke tasowa daga tsaunuka masu sanyi, dusar ƙanƙarar da ke taruwa a kan tuddai ita ce rumbun ruwan jama'a, duk da cewa babu wanda ya gina ta, babu kuma wanda ke riƙe da makullinta. Tana karɓar abin da sama ta zubo a watannin sanyi, lokacin da gona ba ta bukatarsa, ta riƙe shi har rana ta yi ƙarfi, sannan ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan zuwa cikin ƙoramu a daidai lokacin da manomi da mai samar da lantarki da mazaunin birni suka fi matsuwa da shi. A jihar Kalifoniya ta Amurka, dusar da ke kan tsaunukan Sierra Nevada tana ba da kimanin kashi 30 cikin 100 na ruwan da jihar ke amfani da shi a shekarar da al'amura suka tafi daidai. Birnin Santiyago na ƙasar Chile ya dogara ƙwarai da kogin Maipo mai gangarowa daga tsaunukan Andes, noman ban-ruwa na Pakistan ya rataya a wuyan kogin Indus, a Maroko kuma dusar tsaunukan Atlas na cikin abin da ke ciyar da koguna irin su Tensift da Oum Er-Rbia. A duk waɗannan wurare, sanin lokacin da ruwan zai sauko yana da nauyi daidai da sanin yawansa, domin ruwan da ya iso da wuri, madatsa a cike kuma ba a fara shuka ba, wucewa yake yi zuwa teku, ba ya maganin ƙishin tsakiyar zafi.

Shi ya sa jimlar nan da ake yawan karantawa, cewa dusar tsauni kaza tana narkewa da wuri da kwana kaza fiye da yadda take yi shekaru 40 da suka wuce, take ɗaukar hankalina duk inda na ci karo da ita. Jimla ce mai sauƙin rubutawa, amma kafin mutum ya cancanci furta ta sai ya sha wahala, kuma yawancin wahalar ba ta bayyana a cikin kanun labarai. Ban yi shakkar cewa narkewar tana matsowa gaba a mafi yawan tsaunukan duniya ba, hujjojin sun taru daga hanyoyi daban-daban da ba su dogara da juna ba. Abin da nake ganin ya kamata mai karatu ya sani shi ne cewa tauraron ɗan'adam ba ya ganin ranar narkewa da idonsa. Abin da yake bayarwa shi ne hoton da akwai dusa da kuma wani hoton na baya da babu ita, ranar gaskiya kuwa tana ɓoye a wani wuri tsakaninsu, kuma faɗin wannan tazara ya sha canzawa daga zamani zuwa zamani.

Kafin a fara duban tsaunuka daga sama, da ƙafa ake aunawa. A farkon ƙarni na 20, James Church, malami a jami'ar Nevada da ke Reno wanda asalin fanninsa tsofaffin harsunan Girka da Latin ne, ya ƙirƙiro wani bututun ƙarfe da ake sokawa cikin dusa har ƙasa, a zaro shi da abin da ya ɗebo, a ɗora a ma'auni. Nauyin shi ke nuna adadin ruwan da ke cikin dusar, kuma da wannan dabara aka fara hasashen yadda tafkin Tahoe zai cika a kowace shekara. Daga baya, a ƙarshen shekarun 1970, gwamnatin Amurka ta fara kafa tashoshi masu sarrafa kansu da ake kira SNOTEL, waɗanda yanzu sun haura 800 a yammacin ƙasar. A kowace tasha akwai wata shimfiɗaɗɗiyar jaka cike da ruwan da ba ya daskarewa, dusa ta taru a kanta ta danne ta, na'ura kuma ta riƙa aika rahoton nauyin. Wannan awo daidai yake, amma na wurin da jakar take ne kaɗai. Ana kafa tashoshin ne a inda ma'aikaci zai iya zuwa gyara, wato a fili mai ɗan laushi a tsakiyar tsauni, ba a kan ƙololuwa ko gangaren da iska ke sharewa ba. A tsaunukan Himalaya da Karakoram da Andes kuwa irin waɗannan tashoshi ƙalilan ne ainun idan aka kwatanta da girman ƙasar da ake son sani.

Tauraron ɗan'adam ya zo da abin da tasha ba za ta iya ba, wato ganin tsaunin gaba ɗaya. Tun shekarar 1966 hukumar Amurka mai kula da yanayi da teku, wadda yanzu ake kira NOAA, ta fara zana taswirar mako-mako ta inda dusa ta rufe a rabin duniya na arewa, da farko ma da hannu ma'aikata ke zanawa suna duban hotuna, kuma jami'ar Rutgers ce ke kula da wannan jeri har yau. A watan Yulin 1972 aka harba na farko a jerin Landsat, taurarin Amurka masu ɗaukar hoton doron ƙasa. Sai dai matsalar farko da kowa ya ci karo da ita ita ce dusa fara ce, gajimare ma fari ne, kuma a hoton da aka ɗauka da hasken da ido ke gani, sau da yawa ba a iya raba su. Mafitar ta zo ne daga wani haske da ido ba ya gani, gajeren infared mai tsawon zango kusan maikiromita 1.6. A wannan zango dusa tana shanye hasken, sai ta fito baƙa a hoto, gajimaren ruwa kuwa yana mayar da shi, sai ya ci gaba da fitowa da haske. Masanin dusa Jeff Dozier ya bayyana wannan dalla-dalla a 1989 da hotunan Landsat, daga baya kuma Dorothy Hall da abokan aikinta a NASA suka mayar da shi ƙa'idar da kwamfuta ke bi. Ana ɗaukar ƙarfin hasken kore da ya dawo daga ɗigo ɗaya na hoton, wato mafi ƙanƙantar yankin da na'urar ke iya rarrabewa, a cire ƙarfin infared ɗin, a raba abin da ya rage da jimillar su biyun. Sakamakon shi ake kira NDSI, kuma an daɗe ana ɗaukar cewa idan ya kai 0.4 ko fiye, to akwai dusa a wurin.

Ƙa'ida ce mai kyau, kuma sauƙinta na cikin abin da ya sa ta daɗe. Amma gajimaren da ke can sama sosai, wanda shi ma ƙwayoyin ƙanƙara ne, yakan yaudare ta, ruwan tafki ma yakan ba da adadi mai yawa sai an ƙara wani gwajin a ware shi. Itatuwan daji suna rufe dusar da ke ƙarƙashinsu, inuwar wani tsauni a kan wani tana dusashe hasken, kuma ɗigo ɗaya yana iya kasancewa rabinsa dusa rabinsa dutse, alhali ƙa'idar e ko a'a kawai ta sani. Raba gajimare da dusa kuma ba ya nufin gani ta cikin gajimaren. Idan sama ta rufe, ranar ta tafi ke nan.

Daga nan sai zaɓi mai wuya tsakanin kaifin gani da yawan dawowa. Landsat, tun daga na'urar da aka ɗora wa na 4 da na 5 a farkon shekarun 1980, yana ganin ƙasa a ɗigo mai faɗin mita 30, wanda ya isa a bambance gangaren da ke fuskantar rana da wanda ke bayanta, amma sai bayan kwana 16 yake komowa wuri guda. Na'urar MODIS, wadda ke kan taurarin Terra da aka harba a Disambar 1999 da Aqua da aka harba a Mayun 2002, tana duban kusan ko'ina a kowace rana, amma ɗigonta na taswirar dusa mita 500 ne, kuma a tsauni mai tsananin gangare mita 500 na iya haɗa kwari da tudun da ya fi shi tsawo da ɗaruruwan mitoci. Taurarin Sentinel-2 na Tarayyar Turai, da aka harba a 2015 da 2017, sun haɗa alherin biyu, ɗigon mita 10 zuwa 20 da dawowa kowane kwana 5, amma tarihinsu bai wuce shekara goma da 'yan kai ba, kuma da wannan ba a yanke hukunci kan sauyin yanayi. Hukumar kula da yanayi ta duniya shekara 30 take ɗauka a matsayin ma'aunin abin da aka saba gani.

Ga inda nake ganin akwai tarko mafi haɗari, kuma misali zai fi bayyana shi. A ɗauki wani ɗan fili mai faɗin mita 30 a kan gangaren wani tsauni, a ɗauka kuma cewa a gaskiya dusar da ke kansa ta ƙare ranar 25 ga Mayu, a wata shekara ta ƙarshen shekarun 1980 lokacin da tauraro ɗaya ne ke ba da hoto. Tauraron ya wuce ranar 3 ga Mayu, sama tangaran, wurin fari fat. Ya dawo ranar 19 ga Mayu ya tarar da gajimare, ya sake dawowa ranar 4 ga Yuni ya tarar da wani gajimaren, sai ranar 20 ga Yuni ya samu sarari, ya ga dutse da ciyawa. Abin da mai bincike ya sani tabbas shi ne dusar ta tafi a cikin kwana 48 da ke tsakanin hotunan nan biyu. Idan ya rubuta ranar farko da ya ga wurin babu dusa a matsayin ranar narkewa, ya rubuta 20 ga Yuni, ya makara da kwana 26. Yanzu a ɗauki wannan fili a 2022, a ce dusar ta sake ƙarewa ranar 25 ga Mayu daidai, ba abin da ya canza ko kaɗan. A wannan karon akwai Landsat 8 da Landsat 9 da taurarin Sentinel-2 biyu suna wucewa bi da bi, da wuya a yi mako guda ba a samu hoto mai tsabta ba, sai a rubuta, a ce, 29 ga Mayu. Wanda ya jera waɗannan ranaku biyu zai sanar da duniya cewa narkewa ta matso da mako uku, alhali abin da ya ƙaru kawai shi ne yawan idanun da ke kallo.

Wannan kuskure yana da muni musamman saboda yana karkata zuwa ɓangaren da kowa ke tsammani, don haka ba ya tayar wa kowa da hankali. Masu aikin da hankali sun san shi, kuma suna da hanyoyin kauce masa. Wasu suna ɗaukar tsakiyar tazarar a maimakon ƙarshenta, su kuma bayyana faɗin tazarar a matsayin iyakar rashin tabbas. Wasu suna rage hotunan shekarun baya-bayan nan da gangan har yawansu ya yi daidai da na shekarun farko, su ga ko sauyin zai tsaya da ƙafarsa. Wasu kuma suna barin batun rana ɗaya gaba ɗaya, su tattara hotunan shekara goma-goma su tambaya, a cikin dukan hotuna masu tsabta na makon farko na Yuni, kashi nawa ne suka nuna dusa a wannan ɗigo. A ganina, duk rahoton da bai faɗi hoto nawa mai tsabta aka samu a kowace shekara ba, bai gama ba da bayaninsa ba.

Tarihin taurarin kansu ma ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Landsat 5, wanda aka harba a 1984 da nufin ya yi shekara 3, ya yi kusan shekara 29 yana aiki, abin da ya ceci jerin baki ɗaya, domin Landsat 6 bai kai falakinsa ba a 1993. Amma Landsat 5 ba shi da ma'ajiyar hoto a cikinsa, sai inda akwai tashar karɓa a ƙasa ake samun abin da ya gani, don haka tsaunukan Amurka suna da tarin hotuna na shekarun 1980 da 1990, wasu sassan Asiya ta Tsakiya kuwa suna da giɓin shekaru. A ƙarshen Mayun 2003 wani ɓangare na na'urar Landsat 7 ya lalace, tun daga lokacin kowane hotonsa ya riƙa zuwa da ratsi-ratsi marasa komai da suka cinye kusan kashi 22 cikin 100 na hoton. A kan Aqua, yawancin na'urorin da ke karɓar zangon maikiromita 1.6 ɗin nan, wanda shi ne ginshiƙin gane dusa, ba su yi aiki yadda ya kamata ba, sai da aka nemo dabarar cike gurbinsu. Akwai kuma batun kuɗi. Akwai zamanin da hoton Landsat guda ɗaya yake cin dubban daloli, ko bayan an sauko da farashi ma ɗaruruwa ne, saboda haka mai bincike yakan sayi biyu ko uku ya gina hujjarsa a kansu. Sai a 2008 hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta buɗe taskar kyauta ga kowa, kuma a nawa ra'ayin wannan shawara ta ofis ta ciyar da fannin gaba fiye da kowace sabuwar na'ura, tun da ita ce ta sa aka iya bin kowane ɗigo a cikin dubban hotuna a maimakon kwatanta hoto biyu.

Har yanzu dai maganar ranar da dusa ta ɓace ake yi, kuma wannan ita ce ƙarshen narkewa, ba farkonta ba. Tarin dusa mai zurfi yakan fara ne da ɗumama har dukan jikinsa ya kai digiri sifili, sannan samansa ya riƙa jiƙewa da rana yana sake daskarewa da dare, sannan ruwan ya ratsa ƙasa-ƙasa har tarin ya ƙoshi ya kasa riƙewa, daga nan ne kawai ruwa ke fara fita zuwa ƙorama. Aikin yana cin zafi mai yawa, domin zafin da ake bukata a narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara ya kai wanda zai ɗaga wannan ruwan daga sifili zuwa kusan digiri 80. Duk tsawon waɗannan makonni wurin fari yake a hoto, kamar ba abin da ke faruwa. Na'urar rada ce ke iya leƙa wannan mataki. Tauraron Sentinel-1, wanda aka harba na farkonsa a 2014, yana aika nasa sigina ya saurari abin da ya dawo, ba ruwansa da gajimare ko duhu. Busasshiyar dusa kusan ratsa ta siginar ke yi, amma da zarar ta jiƙe sai ta shanye shi, abin da ke dawowa ya faɗi ƙasa warwas, kuma an saba ɗaukar raguwarsa zuwa rabi a matsayin alamar jiƙewa. An lura cewa lokacin da siginar ta kai ƙarshen faɗuwarta yakan zo kusa da lokacin da ruwa ke fara fita. Rauninsa shi ne gajartar tarihi, ga kuma tsaikon da aka samu bayan tauraro na biyu ya daina aiki a Disambar 2021. Akwai wasu na'urori masu sauraron zafin da ƙasa ke fitarwa da kanta, waɗanda tarihinsu ya faro tun 1978, amma ɗigonsu ya kai kimanin kilomita 25, wanda ya dace da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Siberiya amma ba shi da wani amfani sosai a tsakanin kwazazzabai.

Sannan hoto ba ya faɗin zurfi. Dusa mai kaurin taku ɗaya da mai kaurin mita uku launinsu ɗaya daga sama. Duk da haka akwai wata dabara da nake jin daɗinta ƙwarai, wadda ke juya matsalar ta zama amsa. Idan an san ranar da dusa ta ƙare a wani ɗigo, aka kuma ƙiyasta yawan zafin rana da na iska da ya sauka a wurin a kowace rana ta lokacin narkewa, to ana iya yin lissafi da baya a gano adadin ruwan da ke wurin tun farko, tun da ba abin da ya narke sai abin da zafin ya iya narkarwa. Da haka aka sake gina tarihin ruwan dusar Sierra Nevada na shekaru da dama daga hotunan Landsat. Amfaninta na tarihi ne, ba na hasashe ba, domin sai dusar ta tafi ake samun amsar. Don bukatar masu kula da madatsu a cikin shekarar, tun 2013 aka fara shawagi da jirgin sama mai na'urar leza a kan kwarin kogin Tuolumne da ke Sierra Nevada, ana auna tsayin ƙasa da dusa a kanta a cire tsayinta ba dusa.

To me aka gano bayan duk wannan taka-tsantsan? Rahoton 2019 kan teku da yankunan ƙanƙara na IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, ya ce tsawon lokacin da dusa ke rufe ƙasa ya ragu a kusan dukan yankunan tsaunuka, musamman a ƙananan tuddai, da kimanin kwana 5 a kowace shekara goma, kodayake adadin yana iya kamawa daga sifili zuwa kwana 10. Abin da ke ba wannan ƙarfi shi ne awon da ba na tauraro ba yana nuna hanya ɗaya. A Suwizalan, nazarin tashoshi 11 na tsaunukan Alps daga 1970 zuwa 2015 ya nuna lokacin dusa yana farawa a makare da kwana 12, yana kuma ƙarewa da wuri da kwana 26, wato gajartar ta fi yawa ta ɓangaren narkewa. A yammacin Arewacin Amurka, Iris Stewart da Daniel Cayan da Michael Dettinger sun bi ma'aunan koguna kusan 300 daga 1948 zuwa 2002, suka ga ruwan narkewa yana isowa da wuri da mako ɗaya zuwa huɗu a wurare da yawa. Dalilin da ya sa ƙananan tuddai suka fi jin jiki a fili yake. Iska tana yin sanyi da kimanin digiri 6.5 a kowace kilomita ɗaya ta hawa, saboda haka ɗumamar digiri ɗaya tana ɗaga layin da ruwan sama ke komawa dusa da kusan mita 150. Inda sanyin dama a bakin sifili yake, wannan ya isa ya mayar da dusa ruwa, a can ƙololuwa kuwa, inda sanyi ya yi nisa ƙasa da sifili, yawan abin da sama ta zubo shi ke yanke hukunci, kuma akwai wuraren da ba a ga wani sauyi ba ko ma aka ga ƙari.

Bambancin shekara da shekara kuma ya fi sauyin dogon zango girma nesa ba kusa ba. Ranar 1 ga Afrilun 2015 gwamnan Kalifoniya na lokacin, Jerry Brown, ya tsaya a kan busasshiyar ciyawa a wurin awo na Phillips Station, inda aka saba tarar da dusa mai zurfi a wannan rana, dusar jihar tana kashi 5 cikin 100 kacal na abin da aka saba, ya kuma ba da umarnin rage shan ruwan birane da kashi 25 cikin 100. A Afrilun 2023 dusar waɗannan tsaunuka ta haura ninki biyu na abin da aka saba. Jerin da ya fara da shekara irin ta 2023 ya ƙare da irin ta 2015 zai nuna bala'i, wanda ya fara da 2015 ya ƙare da 2023 zai nuna ba komai, duk biyun kuwa ƙarya ne. Jerin MODIS na shekara ashirin da 'yan kai yana cikin wannan haɗari, tun da jujjuyawar yanayin tekun Pasifik irin su El Nino, da wasu masu ɗaukar gomman shekaru kafin su juya, suna iya mamaye shi.

Ba kuma zafin iska kaɗai ke kawo narkewa da wuri ba. Sabuwar dusa tana mayar da kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na hasken rana, kuma duk abin da ya dusashe farinta yana ƙara zafin da take sha. Thomas Painter da abokan aikinsa sun nuna a 2007 cewa ƙurar da iska ke kwasowa daga busassun filaye zuwa tsaunukan San Juan na jihar Kolorado tana rage kwanakin dusa da 18 zuwa 35, a 2010 kuma suka ƙiyasta cewa ƙurar ta matso da cikar kogin Kolorado gaba da kusan mako uku, ta kuma rage ruwansa na shekara da kimanin kashi 5 cikin 100. Yawancin wannan ƙura ta samo asali ne daga kiwo da sauran ayyukan da suka farfasa fatar ƙasa tun ƙarni na 19. Ƙurar Sahara ma takan tsallaka teku ta mayar da dusar Alps da Pyrenees ruwan ƙasa-ƙasa, kamar yadda aka gani a Fabrairun 2021 da Maris ɗin 2022. Ƙurar ba ta tafiya da ruwan narkewa, taruwa take yi a saman dusar yayin da tarin ke raguwa, sai duhun ya riƙa ƙaruwa. Wannan bambanci na dalili yana da amfani a aikace, domin ƙasa ɗaya ba za ta iya sanyaya duniya ba, amma tana iya gyara yadda ake kiwo a filayenta.

Wani sakamako da ba a zata ba shi ne dusar da ta fara narkewa da wuri takan narke a hankali, saboda tana yin hakan ne a lokacin da rana ba ta miƙe sosai ba kuma yini bai yi tsawo ba. Ruwan da ke fita kaɗan-kaɗan ƙasa da itatuwa da iska suna samun damar shanye shi kafin ya kai kogi. Ƙasar da ta fito fili da wuri kuma tana bushewa da wuri, kuma tun 2006 Anthony Westerling da abokan aikinsa suka nuna cewa manyan gobarar daji a yammacin Amurka sun fi yawa a shekarun da narkewa ta zo da wuri. Su kuwa masu kula da madatsu, yawancin ƙa'idojin da suke bi na lokacin barin sarari don ambaliya da lokacin fara tara ruwa an rubuta su ne bisa kwanakin tsakiyar ƙarnin da ya wuce.

Abin da ke gaban masu wannan aiki yanzu shi ne miƙa jerin daga tsofaffin taurari zuwa sababbi ba tare da an shigar da sauyin ƙarya ba. Terra da Aqua sun tsufa, an daina gyara falakinsu yadda aka saba, lokacin wucewar Terra, wanda ya daɗe a ƙarfe 10:30 na safe, yana matsowa zuwa sassafe. A fili wannan ƙaramin abu ne, amma a tsauni yana nufin rana tana ƙasa-ƙasa lokacin ɗaukar hoto, inuwa ta fi tsawo, gangaren da ke bayan rana ya fi duhu, kuma ƙa'idar gane dusa tana iya ba da wata amsa daban a kan dusa iri ɗaya. Magajin MODIS shi ne na'urar VIIRS, wadda ta fara aiki a kan tauraron Suomi NPP tun 2011 da ɗigon mita 375. Shekarun da na'urorin biyu suka yi suna kallon tsaunuka guda a rana guda su ne abin da ake amfani da shi a auna bambancinsu ɗigo da ɗigo, a daji da fili, a inuwa da rana, kafin a ɗinke jerin biyu su zama ɗaya.